Hannun da Na Sa a Fom ɗin Gimbiya

Zuwa ga ƙanena, Autan Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Maman 'yan biyu da yaran gaba ɗaya. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki a aikin nan naka na tsayuwa, ya tsare ka daga sharrin injinan da kake wuni a cikinsu. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Jikin Inna da sauƙi, hannun hagun ya fara riƙe kofi, ko da yake rabin shayin a zaninta yake ƙarewa. Bakin kuwa ka san shi, ciwo bai taɓa shi ba ko kaɗan, jiya ma sai da ta wanke ni tas wai na zuba gishiri kamar mai jin haushin mutanen gida. Maigidana yana kan hanya da babbar motarsa, sai mu yi sati biyu ba mu ga ƙeyarsa ba. Keken ɗinkina ma yana nan yana tari irin na tsofaffi, amma bai ajiye aiki ba.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙa alhali duk Lahadi muna waya. To, sau biyu ina shirya bakina in gaya maka wata magana, amma da na ji kana dariya kana tambayar ina Gimbiyarka, sai in koma zancen ruwan sama da ciwon bayana. Shi ya sa na ɗauko biro. Ka daure ka karanta har ƙarshe kafin ka kira ni.

Maganar karatun 'yarka Gimbiya ce. Ka tuna ranar da za ku tafi, ka damƙa mini ita a bakin ƙofa, ka ce ba ka so a raba ta da makarantarta tunda shekara uku suka rage ta gama sakandare, kuma tun tana 'yar mitsitsiya ba ta da buri sai karatun harhaɗa magunguna. Na bugi ƙirji na ce ka tafi hankalinka kwance. Ka san tsarinsu, ƙarshen kowace shekara ana ba ɗalibi fom ya zaɓi darussan shekara mai zuwa, wanda ke riƙonsa ya sa hannu. Na aji huɗu kai ka sa kafin ka tafi. Na aji biyar ya zo ne wata biyu bayan faɗuwar Inna, daidai lokacin da asibiti suka sa mata gashin ƙashi duk Talata da Alhamis da ƙarfe biyu na rana. Gidan nan kuma ka san shi, hawa na biyu, matakala ashirin da shida, ga kwanar nan ta tsakiya mai matsi. Inna ba ta iya taka ko ɗaya. Ni nake rungumo ta ta hammata, wani ya riƙe ƙafafu, mu sauko da ita a hankali har bakin titi inda mai tasi ke jira. Maƙwabta sun yi ƙoƙari na sati biyu, daga nan in aka ji motsinmu sai ka ji ana tura ƙofa, kuma ban ga laifin kowa ba. Ita Inna ma ta ce ta gaji da baƙin hannu a jikinta. Haka riƙon ƙafafu ya faɗo kan Gimbiya.

Ranar da ta kawo fom ɗin ina kan keke, da ɗinkin da za a karɓa da yamma. Ta shimfiɗa shi a teburin yanka, na duba jadawalin, sai na ga darasin kemistiri yana da aikin ɗakin gwaje-gwaje Talata da Alhamis, daga ƙarfe ɗaya zuwa uku. A layin ƙasa ga labarin ƙasa, shi da safe ake yinsa. A saman takardar an rubuta ɗalibi zai ɗauki darussa tara. Ni kuwa da kan tela, wadda in an ce mata yadi tara to tara ne ko daga wane bandir aka yanko, sai na ce ta cire wancan ta sa wannan, ai shekara ɗaya ce, baɗi sai ta koma ta ɗora daga inda ta tsaya. Na ƙirga da yatsa, tara cif. Ta dube ni, ta dubi takardar, ta ce to. Na sa hannu da biron da nake rubuta awon mutane, har ina yaba wa kaina na kashe matsala ba tare da na ɗaga maka hankali ba.

Sati uku da suka wuce fom ɗin aji shida ya fito. Ba ta nuna mini ba, ni na tsince shi a jakarta ina neman almakashina. Na ga aikin gwaje-gwajen 'yan aji shida Litinin da Laraba ne da safe, na ce alhamdulillahi, na maido mata kemistirinta da hannuna. Bayan kwana biyu aka dawo da shi an ja jan layi a kai, tare da takardar kira. Na je ofishin malamar da ke ba ɗalibai shawara, wani ɗan ɗaki cike da fayil har kan kujera, sai da ta kwashe wasu na samu wurin zama. Mace ce mai kirki, ta yi mini bayani dalla-dalla kamar mai koya wa yaro ɗaura zare. Ta ce akwai littafin da kowane ɗalibi ke riƙewa, duk gwajin da ya yi malami ya sa hannu, kuma na aji biyar guda talatin ne. Wanda littafinsa bai cika ba, ba a yi masa rajistar kemistiri a jarrabawar ƙarshe. Ta ce Gimbiya za ta gama makaranta, za ta karɓi takardar shaida, darussanta tara sun cika, amma babu makarantar harhaɗa magunguna da za ta ko ɗaga kai ta dubi takardar.

Auta, na roƙi matar nan har na ji kunyar kaina. Na ce a samo mata malami a gida, ta ce karatu ana yi a gida amma gwaji sai a ɗakinsa. Na ce to lokacin hutu, ta ce ɗakin a kulle yake, kuma malami ba zai sa hannu a abin da idonsa bai gani ba. Na ce to Gimbiya ta maimaita ajin, ta ce wannan sai shugaban makaranta. Kwana uku ina zaman benci a ƙofar ofishinsa kafin ya gan ni. Ka san me ya ce? Wai dokarsu wanda ya faɗi ne ke maimaita aji, ita kuwa Gimbiya ta biyu ta zo. Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba, irin wadda hawaye ke biyo bayanta. Da ya ga halin da nake ciki, sai ya ce in mahaifinta da kansa ya rubuto takarda kafin ƙarshen wata, zai kai gaban kwamiti. Bai yi alkawari ba, don kujerun ɗakin gwajin ƙidayayyu ne.

Na fito ina murna, ban kai bakin titi ba sai na tuna wani abu. In ta koma aji biyar, ai Talata da Alhamis ɗin nan ne dai za ta koma wa. Na wuce asibiti na roƙa a mayar da Inna safe ko wata rana, suka ce masu jiran safe sun kai na wata shida, kuma in ta yi fashi uku a jere za a ba wani gurbinta. Mai gashin ya ja ni gefe ya ce hannun nan da ya fara motsi, in aka tsaya yanzu zai koma ya sandare. Na zaga unguwa neman gida a ƙasa, babu. Matan da na sani kowa na wurin aiki da rana tsaka. Na gwada goya Inna ni kaɗai, ban wuce matakala huɗu ba gwiwata ta lanƙwashe, Allah ne ya tsare ba mu gangara tare ba.

Sauran abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Da na koma wurin malamar in tambayi yadda za ka tsara takardar, sai ta ce ta yi mamaki da na ce ban sani ba. Ta buɗe fayil ta zaro wata 'yar takarda ta bara. Ashe tun ranar da Gimbiya ta mayar da fom ɗin malamar ta kira ta, ta gaya mata duk abin da ta gaya mini, ta ba ta sati guda ta je gida ta yi shawara. Washegari yarinyar ta dawo ta ce an yi shawara a gida, a bar shi haka. Ga rubutunta a ƙasa, mai kyau ɗin nan kamar bugun inji, wai an yi mata bayani kuma ta fahimta. Shekara guda cur yarinyar nan tana saukowa matakala da baya da baya, ƙafafun kakarta a hannunta, tana tsokanar ta wai ta ƙara nauyi, alhali ta san abin da ta ajiye. Ni kuwa ina bayan Inna ina ba Gimbiya labarin farar rigar da zan ɗinka mata in ta zama mai magani.

Ranar Alhamis, muna zaune a bencin asibiti Inna na ciki, na tambayi Gimbiya. Ba ta musa ba, ba ta yi kuka ba, ni ce ma ta riƙa ba haƙuri. Ta ce ta duba gidan ne ta ga in ba ita ba babu wani, kuma da ta faɗa mini da na hana ta, da Inna ta ƙarasa rayuwarta a kan gado. Sannan ta roƙe ni in ce maka ita ce ta ji tsoron darasin ta gudu, don in ka ji gaskiya za ka ajiye aikinka ka taho, ga ƙannenta ƙanana. Ba zan iya ɗora mata wannan ba. Ni na karanta fom da idon tela, ni na sa hannu, in faɗa za ka yi ga ni.

Ka gaishe mini da Maman 'yan biyu, ka ce mata ban san da wane ido zan dube ta ba. Ka shafa mini kan 'yan biyu da ƙaramarsu mai kukan banza. Ka gaida Kawu Dogo in kun haɗu, da maƙwabcinka mai gyaran agogo da ya riƙe ku lokacin da kuka sauka. Inna tana gaishe ka, ta ce ka rage shan sanyi. Ba ta san komai ba, kuma ina roƙonka kada ta ji a bakinka.

Kwana goma sha ɗaya suka rage wata ya ƙare. In ka rubuto takardar, ban san wa zai sauko da Inna ba. In ba ka rubuto ba, Gimbiya za ta shiga aji shida da darussan da na zaɓa mata. Na juya maganar nan ta kowace fuska ban ga mafita ba, kuma tun da na yi zaɓi sau ɗaya na ga abin da ya haifar, hannuna ba zai sake taɓa fom ɗin nan ba. Uwarka ce, 'yarka ce, Auta. Ka faɗa mini wadda zan ce wa ta haƙura.

Wassalam. Taka har kullum,
Yayarka mai keke.