Alwala a Bakin Mangaza

Zuwa ga Yaya Abdulhafiz,

Gaisuwa mai yawa daga Malanville. Ina Inna da ciwon ƙafarta? Ina Zuwaira da yara?

Kun ji gulbi ya sake cika, to ku kwantar da hankali. Ka tuna simintin da gwamnati ta ba mu bayan ambaliyar bara, da sharaɗin mu ɗaga harsashin gini? Na ɗaga mangazata, ɗakin ajiyar kayana, har ƙugu. 'Yan dako sunka yi ta tsaki wajen hawa da buhu. Maƙwabcina Ɗan'iya kuwa ya sai da nashi siminti, shina kirana mai hasumiya.

Ɗakin da nike haya ya zube, cikin mangaza bisa buhuna nike kwana, sauro kuma sai haƙuri. Kada ka gaya ma Inna. Aiko mini da gidan sauro ta hannun direban Kamba.

Amma Yaya, ruwa ya zo matakala ta ƙarshe ta mangaza ya tsaya. Albasar Ɗan'iya ma tana wurina, cikin kwalekwale ya kawo ta, kai sunkuye. Jiya bakin ƙofa na zauna na yi alwala da ruwan Kwara, shinkafata tana bayana, ko ƙwaya ɗaya ba ta jiƙe ba.

Allah shi bar mu tare.

Ƙanenka,
Zayyad