Indararon Kawu Isa

Yaya Garba,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Legas? Ina fatan iyali duk lafiya. Mu nan Kwarbai sai godiya.

Kawu Isa da Kawu Bala sun daina gaisawa, saboda indararon Kawu Isa yana cin katangar Kawu Bala. Na zaunar da su a zaure yadda marigayi Baba yake yi, sai Kawu Bala ya ce, "Kai yaron jiya, mai sulhu furfura gare shi. Wurin alƙali za ni."

Yaya, alƙali zai faɗi mai gaskiya, amma ba zai mayar da su cin tuwo kwano ɗaya ba. Na rasa yadda zan yi. Buzun da Baba yake zama a kai in zai yi sulhu yana nan a shimfiɗe a zaure, ba mai zama a kai.

A sa mu a addu'a. Ka gaida Anti Binta da yara.

Ƙaninka,
Sadisu