Kada a Yanka Filin Tsamiya

Bin Omran, Doha
Nuwamba, 2022

Yaya Ɗalhatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya tare da iyali. Yaya ƙafar Inna? Ka gaishe min da ita, da matata Haulat.

Ni lafiya lau, alhamdulillahi. Har yanzu ina gadi a lambun shaƙatawa. Tsayuwar akwai tsawo, ɗakinmu kuma ya ƙara cika tun da aka fara gasar kofin duniya, amma an saba. Kada Inna ta ji.

Haulat ta ce za a yanka filin tsamiya na bayan masallacinmu a yi shaguna, shi ya sa na rubuto. Lokacin korona da aka rufe lambunmu, wani tsoho ɗan Sudan yakan zo kullum ya riƙe ƙarfen ƙofa yana leƙen ciyawa. Yakan ce min, "Ɗana, ɗakina ba taga." Nawa ma haka yake, sai dai ban gaya masa ba. Ranar da aka ba ni izini na buɗe masa, cire takalmi ya yi ya taka ciyawar, hawaye na zuba. Yanzu lambun cike yake da baƙi 'yan kallon ƙwallo, shi kuma yana zagayawa yana raba musu dabino.

Don Allah, Yaya, ka je taron da za a yi kan filin a gidan mai unguwa ka yi magana, suna jin maganarka. Na koyi dashe wurin masu kula da itatuwan nan. Idan aka bar mana filin, in na dawo ni zan riƙa ba shi ruwa.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninka,
Garzali