Iskar da Baba bai sani ba

Daren Talata, tsakiyar Yuni, Sifawa

Yau ma hadari ya haɗo daga gabas, iska ta watsa shi. Shukar farko ta ƙone, irin geron da ya rage kuma ba yawa.

Tun tasowata Baba ke duban sama ya ce mu fita shuka, kuma da wuya ya kuskure. Da la'asar na tambaye shi ko mu sake. Ya daɗe a bakin zaure yana kallon gabas.

"Mi zan ce maka, Umaru? Wagga iska ban san ta ba. Yi abin da kag gani."

Gobe zan binne rabin irin, in adana rabi. Ban taɓa yanke wannan shawara ni kaɗai ba.