Nonon Sajida

Waziriyya, Jidda

Ƙanwata Hafsa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Mu nan alhamdu lillahi, sai zafi.

Akwatin gwajin jinin da kika bar mini da kuka zo taronku na ma'aikatan lafiyar ƙasashe masu tasowa ya fara aiki. Da na raina shi, wallahi. Na ce shekara ashirin ina karɓar haihuwa a unguwar Waziriyya, yau 'yan Indonesiya da Bangaladash na taron naku ne za su koya mini duba mai ciki? To, na sha kunya. Cikin mata goma sha ɗaya da na gwada, ɗaya ta fito da ƙanjamau: Sajida, matar Rafi'u mai dako a tashar jiragen ruwa. Cikinta ya shiga wata tara, ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, asibiti kuwa ko ƙofarsa ba ta yarda ta bi. Dakta Wafa', likitar nan 'yar Sudan da kika haɗa mu, ta ɗora ta a kan maganin Indiya da shirinku na yaƙi da cutar yake rabawa. Ta ce an makara, cutar ba za ta kwanta da wuri ba, don haka kada jariri ya taɓa nononta, sai madarar gwangwani.

Yarinyar nan ta riƙe ƙafata tana kuka, kada mijin ya ji. Na san hannunsa, ni nake gasa mata jiki in ya dake ta. Na rantse mata da Allah.

Ki gaida kowa da kowa.

Yayarki, Dela

*

Hafsa,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi.

Sajida ta haifi mace. Muka ce wa mutane nono bai zo ba, aka zauna lafiya har ranar suna. Kin san al'adar mutanen nan: maƙwabciya takan shayar da ɗan maƙwabciyarta don yara su tashi 'yan'uwa, ba sai an yi musu lulluɓi ba. Ana tsakar cin shinkafa gaban rigar Sajida ya jiƙe. Mata suka ɗau guɗa. Uwar Dalal, maƙwabciyarsu, ta ɗauko jikanta Yazan, ɗan wata biyu, ta ɗora mata a cinya, ta buɗe mata riga da hannunta, wai yalla, maza ya jawo nonon, shi da jaririyar su zama wa da ƙanwa. Sajida ta kasa cewa a'a, tsohuwa ce ta sa ta, ga mutane. Ta dube ni kawai.

Na tsallake tire na fizge yaron, bakinsa har ya buɗe. Tsohuwar ta shaƙe mini wuya tana zagina da Larabci, mata suka yo kaina, raina ya ɓaci, na faɗi sunan cutar da ƙarfi. Da Hausa na faɗa, a zatona jikokin Hausawan nan haihuwar Jidda ba sa ji. Ashe ji suke ras, mayarwa ce ba su iya ba.

Kafin a ce me, magana ta kai wajen maza. Rafi'u ya shigo da ƙugiyar ƙarfen da yake jan buhu da ita. Innalillahi! Ya ja ta da gashi har tsakar gida, ya taka mata ciki, mai jego ta kwana bakwai! Na faɗa kanta, ƙarfen ya same ni a hannun dama, na ji ƙashin ya ce ƙas. Ya ture ni ya ci gaba da dukan bakinta. Jini har kan shinkafar. Maza huɗu suka danne shi da ƙyar. Mutumin da ko gwaji bai taɓa yi ba, wa ya sani ko shi ya kawo mata?

Ni na tona ta, Hafsa, ni da na rantse. Abinci ba ya shiga bakina.

Taki, Dela

*

Hafsa,

Gaisuwa da fatan alheri. Hannu da sauƙi.

'Yan sanda sun tafi da Rafi'u da Sajida duka biyun. Shi yana tsare. Ita an ɗinke ta, an ga ba takardar zama, halas, magana ta ƙare, za a mayar da ita da jaririyar gida Najeriya ranar Laraba. Dakta Wafa' ta rubuta wa asibitinku na Kano ta hanyar shirin, ta ce kada maganin ya yanke ko kwana ɗaya. Jaririyar an gwada ta, ba a ga komai ba tukuna.

Na je ganinta, ta juya mini baya. Ban ga laifinta ba. Amma ko yau aka sake ɗora mata yaron nan, zan fizge shi, bakina kawai zan kama.

Ki je filin jirgi da kanki, da magani da madara. Ba ta taɓa ganin Najeriya ba, tana goye aka kawo ta nan. Ba ni da hotonta. Ki nemi mai jego wadda ba ta da haƙoran gaba. Kada ki ce ke ƙanwata ce, ba za ta bi ki ba.

Allah ya bar zumunci.

Yayarki, Dela