Motar Abban Hauwa

Laraba da dare, Samaru

Yau na fara fita tun da na gama takaba, kuma motar Abban Hauwa ce ta fitar da ni. Kwana biyu in an tayar da ita sai ta riƙa kakkarwa, ga baƙin hayaƙi. Ƙanena Sani ya tuƙa mu zuwa Sabon Gari, wurin dillalin da marigayin ya saye ta a hannunsa bara, da garantin shekara guda.

Bakanikensu ya cire fulogi ya nuna mini, baƙi ƙirin. Ya ce, "Hajiya, kabon ne ya taru a injin. Ana barin ta a kunne ba tafiya, ko?"

Na ce e. Tun rasuwar, kullum da safe nakan miƙa hannu ta taga in tayar da ita, yadda yake yi kafin ya tafi ofis, in zauna a baranda ina jin ƙararta har shayina ya huce. Na ɗauka kula da ita nake yi.

Dillalin ya yi mini gaisuwa, sannan ya ce garanti bai shafi wannan ba. Ban yi musu ba. Na karanta takardar, matsalar kamfani kawai ta ambata.

Sani ya ce, "Yaya, ki sayar kawai ki huta." Bakaniken kuwa cewa ya yi ko an wanke injin, in ba a doguwar tafiya da ita, abin zai dawo.

Ba zan sayar ba. Amma daga inda ya bar kujerarsa, ƙafata ba ta kai totur. Gobe dole in matso da kujerar gaba.