Karnukan Kurmi Sun Tayar da Gwiwata

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Baba, ya yara? Mu nan Makka lafiya lau.

Kin san ɗana Sani ya ɗaure ni a keken guragu, wai gwiwata ta gama aiki. To, kafin mu zo nan ya kai ni ƙasar Kambodiya kallon wani tsohon kufai cikin kurmi, ya tafi ɗaukar hoto, sai karnuka marasa ubangida suka yo kaina. Na duƙa neman dutse kamar yadda muke yi a gida, mai gadi ya daka mini tsawa, wai duwatsun tarihi ne! Ban san sanda na miƙe daga keken na haye matakalar wurin ina masifa ba.

Ban huce da Sani ba, amma in sha Allahu ɗawafin Juma'a da ƙafata zan yi. Ki sa ni a addu'a, ki gaida Inna.

Ƙanwarki,
Binta